Rasuwar Gwaggo, Mai Auna Gudun Abin da Ido Ba Ya Gani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Mu'azu Ɗan Azumi, mazaunin bakin layin dogo a Agege, mai kula da ɗakin gwaji na biyu a kwalejin kimiyyar da nake aiki, nake sanar da malamai da ɗalibai, da 'yan majalisarmu ta bakin tasha, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, rasuwar na'urar da muka sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Asabar, shida ga watan Oktoba na shekarar 2001, tsakanin azahar da la'asar, tana da shekara ashirin da biyu a duniya. An haife ta a shekarar da soja suka fara komawa bariki, ta rasu shekara biyu bayan sun sake komawa.

Sanarwar ta makara da kwana goma sha uku. Dalilin makararta yana ƙasa, kuma ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe. Wanda ya ga harafi a karkace ya yi haƙuri, ina da shekara talatin da takwas aka fara sa mini biro a hannu.

Mahaifin marigayiyar shi ne Dakta Abdulganiyu, tsohon malamin sashenmu, wanda yanzu yake kwance a gidansa a Ikorodu da ciwon ɓarin jiki. Ba daga ƙasar waje aka kawo ta ba. Shi ya haɗa ta da hannunsa: bututun jikinta daga wata masana'anta da aka rufe a Ilupeju ya tsinto shi, faifanta biyu kuwa wani maƙeri ya yanka masa daga alminiyum, shi Dakta ya zauna da zarto yana gyara tsagarsu har tsawon azumi guda. Ɗalibai Yarabawa suna ce mata Iya Agba, wato kaka. Ni na sa mata Gwaggo, domin halinta irin na gwaggo ne: ba ta son hayaniya, ba ta son datti, kuma in ka yi kuskure ba ta rufa maka asiri.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, ga aikin da ta rayu tana yi. Iskar da muke shaƙa, da hayaƙi, da tururi, duk ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda Dakta ke kira molekul, kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum a guje suke. Gwaggo gudunsu take aunawa. Tsawonta bai wuce gadon mutum ɗaya ba. A ƙarshe guda tana da ɗan tanderu kamar gwangwanin tumatir, inda ake sa gutsuren wani ƙarfe mai saurin narkewa, a gasa shi da lantarki har ya koma tururi. Tururin ya fita ta wata tsaga siririya kamar bakin reza, ya miƙe cikin bututun kamar zare. Kafin nan famfo ya riga ya zuƙe iskar da ke ciki tas, don kada komai ya tare masa hanya. A tsakiya akwai faifai biyu a kan sanda ɗaya suna juyawa tare, kowanne da tsaga a gefensa, amma ta biyu an ɗan goce ta daga ta farko. Ƙwayar da ta shige ƙofar farko ba za ta tarar da ta biyu a buɗe ba sai ta iso a kan kari. Mai gaggawa ta bugi ƙarfe, mai nawa ma ta bugi ƙarfe. Wadda ta wuce sai ta faɗa kan wata waya mai zafi, allurar ma'auni ta motsa. Ka san tazarar faifan, ka san saurin juyawarsu, to ka san gudun ƙwayar. Ka ƙara wa faifan sauri, ka ƙirga masu hanzari. Ka rage, ka ƙirga masu jan ƙafa.

Abin da ta faɗa shekara ashirin da biyu ba ta canza ba shi ne: ba duka suke tafiya da gudu ɗaya ba. Kaɗan ne masu tsananin sauri, kaɗan ne masu tsananin nawa, mafi yawa suna tsakiya, kuma in aka ƙara wuta kowa ya ƙara ɗaga ƙafa.

Marigayiyar mai gaskiya ce. Amsar da ta ba ɗan gwamna ita ta ba ɗan mai sayar da burodi. Ɗalibai sun roƙe ta, sun zage ta, wani ya taɓa shafa mata kai yana yi mata alkawarin sabon fenti, allurarta ba ta gusa ko da faɗin gashi ba. Mai haƙuri ce kuma. Ta jure shekarun da aka yi ta rufe makarantu, ta kwana wata tara a kulle ba wanda ya leƙa ta sai ni. Ta jure yoyon rufi na damina uku da buhu a kanta. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta fushi, sai ta sauke muryarta a hankali ta jira.

Muryar nan ita na fi tunawa. Da safe famfonta yakan fara da tuf, tuf, tuf, a jiƙe, kamar tsohuwa tana gyaran murya, sannan in cikinta ya kusa zama fayau sai ya koma tak, tak, tak, a bushe. Daga nan faifan su ɗauka: wuuu, a ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa har ya zama wiii siriri da kake ji a haƙoranka. Ina iya tsayawa a bakin famfon alwala a waje in gaya maka saurin da take yi, in ban kuskure da yawa ba.

Dole in faɗi abin da ke tsakanina da ita, don a gane girman laifin da ke tafe. Na zo Legas a taragon shanu. Gadi aka ɗauke ni a kwalejin, kuma tagar ɗakin gwajin tana kallon bencina. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma Allah ya ba ni kunne. Shekara huɗu ina jin darasin Dakta ta taga, ban san ya lura ba, sai wata rana ya leƙo ya ce, “Baba Hausa, rana ta yi yawa a nan, shigo ciki ka ji da kyau.” Shi ya tura ni makarantar manya ta yamma, shi ya mai da ni mai shara a ɗakin, sannan mai kula da shi. Sunan Gwaggo na cikin kalmomin farko da na rubuta ba tare da an riƙe mini hannu ba. Ranar da ciwo ya sa Dakta ya ajiye aiki, ya danƙa mini makulli da hannunsa mai lafiya, ya ce na fi masu digiri sanin tarinta. Wasiyyarsa guda ce: kada komai ya shiga tanderun nan sai abin da ya rubuta a littafi.

Yanzu ga jinyar ajalinta, kuma ba ta yi tsawo ba.

A majalisarmu ta bakin tasha, inda mahauta da masu goro suke zama bayan la'asar, sunana Furofesan Iska. Ba na damuwa, nakan yi murmushi in saurara. To wata rana bakina ya suɓuce, na ce ƙwayar iska, in ba abin da ya tare ta, za ta tashi daga Agege ta isa Kano kafin minti arba'in. Sai abokina Habibou, mutumin Maraɗi mai sayar da kilishi, ya gyara zama ya ce, “Bon. Furofesa, in hakanan ne, mi ya sa in Aïchatou ta sa turare a ɗaki, sai na ƙare alwala kahin ƙanshin ya iso zaure? Ko shi turaren sai ya biya ta Kano tukuna?” Aïchatou matarsa ce. Majalisa ta tashi da dariya, har wani mahauci ya sauko daga benci yana riƙe da ciki.

Na san amsar. Wallahi na san ta, na ji ta daga bakin Dakta ya fi sau hamsin. A cikin ɗaki ƙwayar ƙanshi ba ita kaɗai ce a hanya ba, karo take ta yi da 'yan uwanta, ta yi gaba a turo ta baya, kamar danfo, bas ɗin hayar Legas, mai lafiyar inji da ta faɗa gosulon motocin Oshodi. A cikin Gwaggo kuwa an share titi, babu kowa. Magana ce ta numfashi biyu. Amma harshena ya yi nauyi, dariyar ta shige ni, na koma gida da ita, na kwana bakwai da ita. A rana ta takwas na ce da Habibou, “Ran Asabar ka zo da turaren. Za a auna maka shi.”

An ce gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne. Ba a gaya mini cewa ba ya hana wauta ba.

Ran Asabar ba kowa a sashen. Habibou ya zo da jawul a ƙunshe cikin takardar siminti, ya cire takalmansa a bakin ƙofa ba tare da na ce ya cire ba. Na buɗe tanderun, na sa gutsure kamar ƙwayar gyaɗa. Na tuna wasiyyar Dakta, ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Na rufe, na ta da famfo, na jira ya koma tak, tak, tak, na saki faifan, na ba tanderu wuta.

Jawul ƙaro ne, ba ƙarfe ba. Bai fita kamar zare ba. Narkewa ya yi, ya yi kumfa, ya tafasa, ya feso. Na ga 'yar tagar gilashin da ke jikin bututun ta fara yin ruwan ƙasa daga ciki. Na ji famfon ya koma tuf, tuf, sannan ya shiga wani tari da ban taɓa ji ba. A nan ya kamata in kashe komai, da ta yiwu an cece ta da wanki da sabon mai. Hannuna yana kan makunni. Sai na waiwaya na ga Habibou ya dafe kai da hannu biyu, ido waje, yana cewa, “Tabarakalla. Ashe da gaske kake, Malam.” Shekara ashirin muna zama, bai taɓa ce mini Malam da wannan murya ba. Na bar ta ta ƙara minti ɗaya don in ƙara jin daɗin kallon da yake yi mini.

A cikin wannan minti ƙaron ya daskare a gindin sandar. Wiii ɗinta ya karye ya zama ƙirrr, sannan ƙyas, sannan kwaram. Faifai ɗaya ya yage ya bugi taga, gilashin ya tsage, iskar ɗaki ta afka ciki da ƙarfi, wayar nan mai zafi ta yi haske sau ɗaya ta ƙone. Famfon ya ce tuf. Bai ƙara ba.

Habibou ya leƙa allurar, ya dube ni, ya ce a hankali, “To nawa ta ce?”

Na ce masa ta gama magana. Na share gilashin, na goge abin da zai gogu, na roƙe shi ya riƙe bakinsa, na kulle ƙofa. Abu ɗaya ne tsintsiya ba ta iya kwashewa ba.

Ran Litinin da aka buɗe ɗakin, ƙanshin jawul ya tari oga, shugaban sashenmu, tun daga matakala. Ya duba gawar, ya shaƙi iska, ya tambaya wa yake ƙona irin wannan abu a sashen nan. Duk idanu suka tafi wuri ɗaya.

Furera ɗalibar ajin ƙarshe ce, haifaffiyar Agege, 'yar wani mai sayar da goro da muke salla sahu ɗaya da shi. Ita kaɗai ce Bahaushiya a sashen. Aikin kammala karatunta a kan Gwaggo take yinsa, sunanta ne na ƙarshe a littafin sa hannu na ranar Juma'a, kuma kowa ya san mayafinta da ƙanshin turaren mahaifiyarta, har ɗalibai kan ce tana kusurwa tun ba ta ɓullo ba. Oga ya ce ta kawo tsibbu cikin ɗakin kimiyya don sakamakonta ya yi kyau. Wasu suka yi dariya. Ta rantse da Turanci, ta rantse da Yarabanci, sannan ta juyo wurina ta yi magana da harshen da ni da ita kaɗai muke ji a ɗakin: “Baba Mu'azu, kai ka san ni. Don Allah gaya musu.”

Tsintsiya tana hannuna. Na dubi ƙasa na ce, “Allah ne masani.”

Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa aikata abin da ya fi wannan gaskiyar muni ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja ruwan, na shige rumfa, na bar 'yar mutane a fili. Na ji tsoron makullin da za a karɓe, na ji tsoron komawa benci, ko ma bakin titi. Fiye da haka na ji tsoron a ce: ga shi nan, an ɗauko maigadi an ba shi ɗakin gwaji, me ake tsammani?

Aka dakatar da ita. Aka sa ranar Litinin, ashirin da biyu ga wata, kwamiti ya zauna a kan korarta. Ranar Juma'ar da ta biyo, mahaifinta ya tare ni a ƙofar masallaci, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ni ne ubanta a can, in sa baki. Ya gaya mini yadda 'yan uwansa suka hana shi barin mace ta karanta irin wannan abu, ya ƙi ji. Ya yi magana mai tsawo, na saurare shi har ƙarshe. Mutane suna yaba mini iya sauraro. Daga ranar na daina ganinsa abin yabo.

Jiya Alhamis Furera ta zo kwashe littattafanta. Ban san ta shigo ba sai da ta yi sallama a bayana, domin babu ƙanshin komai a jikinta sai sabulun wanki. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Ta tsaya a kan gawar, ta ɗora tafin hannunta a kan bututun, ta tambaye ni ko za ta gyaru. Na girgiza kai. Sai ta ce, “Baba, sannu. Na san ka fi kowa jin mutuwarta. Allah ya ba ka haƙuri.”

Ita ta fara yi mini ta'aziyya a duk duniya. Tana fita na nemi takarda.

Marigayiyar ta rasu ta bar mahaifinta, Dakta Abdulganiyu, wanda har yanzu bai ji labari ba. Jibi Lahadi zan hau mota zuwa Ikorodu in gaya masa da bakina, kuma na fi jin tsoron wannan tafiya da zaman kwamiti. Ta bar famfonta, yana kwance da ƙaro a ciki, ana kyautata zaton zai tashi. Ta bar faifai ɗaya lafiyayye wanda ba shi da amfani ba tare da ɗan uwansa ba. Ta bar allura da ta tsaya a kan sifiri. Ta bar littattafan awo goma sha huɗu, uku na ƙarshe da rubutuna. Ta bar ɗalibai masu yawa a Legas da wajenta, wasunsu yanzu malamai ne. Ta bar Furera da awo goma sha ɗaya daga cikin ashirin da take bukata, dukkansu masu tsabta, ni shaida ne, a gabana aka ɗauke su. Ta kuma bar wanda ya kashe ta.

Ba na roƙon kowa ya nema mata gafara. Ƙarfe ce, ba ta da zunubi, ba ta da hisabi. Mai addu'a ya juyo da ita wajena.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, ba za a haƙa rami ba. Ranar Litinin, ashirin da biyu ga wata, da ƙarfe takwas da rabi na safe, za a lulluɓe ta da buhun da ya tsare ta daga yoyo. Da ƙarfe tara, lokacin da kwamiti zai zauna a ofishin oga, zan shiga ko ba a kira ni ba, tare da Habibou, wanda ya yarda ya rufe tebur ɗin kilishinsa ya zo shaida, ya kuma ce in rubuta cewa shi ma bai ƙara zama majalisa ba tun ranar. Zan ajiye abu uku a kan tebur: sauran jawul a cikin takardarsa ta siminti, makullin ɗakin gwaji, da wannan sanarwa, wadda zan faɗa musu da Turancina yadda ya samu. Abin da suka yanke a kaina na karɓa tun yanzu. Roƙona biyu ne: a mai da Furera ajinta, kuma a karɓi awonta goma sha ɗaya.

Bayan haka za a ɗauki gawar zuwa ɗakin ajiya na bayan sashen. Mutum huɗu ake bukata. In an bar ni, ni zan riƙe wajen tanderu.

An liƙa kwafin wannan takarda a allon sanarwa na sashen da ƙofar masallacinmu na bakin tasha, na uku kuma na kai shi shagon goron mahaifin Furera da ƙafata. Ba za a yi zaman makoki a gidana ba, ban cancanci a zo mini ba. Mai son yin gaisuwa ya je gidan su Furera, musamman waɗanda suka yi dariya ran Litinin, da waɗanda suka kai maganar tsibbu cikin unguwa. 'Yan majalisa kuwa, amsar tambayar Habibou tana sama, a wajen danfo da gosulo. Kyauta ce, da ma numfashi biyu ce.

A ƙarshe, saboda yanayin rasuwar, ana roƙon duk masu halarta kada kowa ya zo da turare a jikinsa.

Sai Furera. Ita ta sa wanda ranta yake so.

Mu'azu Ɗan Azumi,
Agege, Juma'a, 19 ga Oktoba, 2001.